Wa Zai Tsaya Gaba?

Karta daɗaɗɗiyar abokiyar hira ce a fadodin samari, daga Tawa har Damagaram. Ana shimfiɗa tabarma, a ɗora butar shayi bisa garwashi, a cakuɗa katuna a raba, kowa ya karɓi abin da rabo ya ba shi. Ƙunshi ɗaya ne ake wasa da shi, ba wanda ya zo da nasa daga gida. Amma tun da salula mai intanet ta shiga aljihun ɗalibai, wata karta ta daban ta bayyana, wadda ba a cakuɗa ta gaban jama'a. A cikinta kowane ɗan wasa yana da taskarsa da ya tara kati bayan kati, kowane kati kuma mayaƙi ne mai suna, mai makami, mai adadin ƙarfi da adadin rai. Abokin karawa yana iya zama mutumin Manila ko na Legas, ba a ganin fuskarsa, ba a jin muryarsa. Malamin da ya hango yaro ya sunkuyar da kai a ƙarshen aji, ɓata lokaci yake gani, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Duk da haka, kafin a yanke hukunci, ya kyautu a san abin da wannan kai da aka sunkuyar yake lissafawa.

Asalin wannan irin wasa a takarda yake. A shekarar 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan da ake kira Magic: The Gathering, inda ya kawo abin da ba a saba da shi ba: ɗan wasa shi ke zaɓen katunan da zai shiga fage da su tun kafin ya zauna, daga cikin ɗaruruwan da ake sayarwa a ƙananan ƙunsa rufaffu. Japan ta biyo baya da katunan Pokémon a 1996. Da wasan ya koma cikin na'ura sai ya yi rassa. A Hearthstone, wanda ya fito a 2014, ana shiga da kati 30. A Clash Royale, na kamfanin Supercell na ƙasar Finlan, wanda ya bazu a duniya a 2016, kati 8 ne kacal. A waɗannan biyun, ɗan wasa yana shirya ƙunshinsa, sannan ya ci gaba da jefa katuna da hannunsa har a tashi.

Akwai wani reshe da ya kai maganar shiri matuƙa, shi ne Splinterlands, wanda aka fara a 2018 da sunan Steem Monsters. A nan aikin ɗan wasa duka yana ƙarewa kafin a buga gangar yaƙi. Ana ba shi ƴan mintoci ya jera rundunarsa, ya danna, shi ke nan. Daga nan na'ura ce ke gudanar da faɗan bisa ƙa'idojinta, shi kuwa ya zama ɗan kallo, ba ya iya janye wanda ya ji rauni, ba ya iya sauya wa kowa wuri. Karin maganar nan da ke cewa ba a fafe gora ranar tafiya, a wannan wasa ta zama doka rubutacciya.

Kafin ya jera, ana sanar da shi iyakokin ranar. Na farko shi ne abin da za a iya kira guzuri: kowane kati yana da farashinsa, kuma jimillar farashin rundunar ba za ta wuce adadin da aka yanka ba, wanda ke sauyawa daga karawa zuwa karawa, wani lokaci ƙasa da 20, wani lokaci har 99. Daga cikin guzurin nan ake biyan madugu, katin da ba ya yaƙi da kansa amma shi ke nuna dangin da za a ɗebo mayaƙa daga cikinsa, ko na wuta, ko na ruwa, ko na ƙasa, ko na rai, ko na mutuwa, ko na dodanni, kuma yakan ƙara wa mutanensa wani abu ko ya rage wa abokan gaba. Bayan madugu, gurbi shida ne ke akwai, a jere kamar sahu, daga na gaba zuwa na baya. Idan guzuri 20 ne, madugu ya ci 4, saura 16. Mutum yana iya zuba 10 a kan gwarzo guda ya ba wani 6, ya fita da mayaƙa biyu. Yana iya kuma rabawa 6, 4, 3, 2, 1, ya fita da biyar waɗanda ba ɗayansu da zai ba kowa tsoro. Tsohuwar gardamar sarkin yawa da sarkin ƙarfi ke nan, ana sake ta sau goma a yini, kuma amsarta ba ta zama ɗaya.

Inda wasan ya fi zurfi shi ne maganar gurbi, domin kati ɗaya yana iya zama alheri a wani wuri, ya zama kaya a wani. Mayaƙan iri uku ne bisa ga makaminsu. Mai takobi ba ya sara sai yana gurbin farko. Idan aka sa shi na huɗu, zai tsaya hannu rabbana yana kallo har waɗanda ke gabansa su faɗi. Ɗan baka akasin haka yake: yana harbi daga ko'ina cikin sahu, amma da zarar ya tsinci kansa a gaba, bakansa ya zama sanda. Mai sihiri shi kaɗai ke aiki a kowane gurbi, kuma bugunsa yana ratsa sulke ya taɓa rai kai tsaye, sai dai galibi ba shi da jiki mai jure duka. Saboda haka na gaba dole ya zama mai kauri, mai sulke da yawan rai, don shi ke shan mafi yawan bugu. Idan ya faɗi, na biyu ya matso ya gaje shi, ko ya shirya ko bai shirya ba. Wanda ya sa ɗan bakansa a gurbi na biyu don ɗoki, ya riga ya rubuta ranar da bakan zai yi shiru.

Bayan sahu ma ba mafaka ba ne. Akwai mayaƙan da aka ba baiwar zagayawa su bugi na ƙarshe, akwai masu neman wanda ransa ya fi ƙanƙanta duk inda yake, akwai maharban da ke tsallake na gaba su nemi ɗan baka ko mai sihiri na farko a bayansa. Don haka gwani yakan ajiye wani mai ɗan kauri a wutsiya, ya ɓoye mai warkarwa da masu rauni a tsakiya, kamar yadda ayari ke sa raƙuman da suka gaji a ciki. Wani lokaci kuma yakan saye kati mai arha ƙwarai, wanda bai iya komai ba, ya tsayar da shi inda ya san bugun farko zai sauka. Katin zai faɗi nan take, amma ya shanye bugun da zai kashe wanda ake buƙata, ya sayo wa rundunar zagaye guda. A cikin karawar da ake rabuwa da bambancin bugu ɗaya, wannan zagaye shi ne nasara.

Kada kuma wani ya haddace jeri guda ya zauna a kansa, wasan yana ɗora wa kowace karawa dokoki na musamman. Yau a hana masu takobi fita, gobe a hana sihiri. Wata rana a ce girgizar ƙasa za ta ci kowa a ƙarshen kowane zagaye sai masu fukafukai. Wata rana a juya ƙa'idar sauri, mai nawa ya riga mai hanzari bugu, katin da ake yi wa dariya jiya ya zama abin nema. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ga kuma mutumin da ke can gefe, wanda shi ma yana jera nasa a ɓoye. Wanda ya zaci abokin karawarsa zai zo da masu takobi yakan tsayar da mai ƙaya a gaba, wanda duk mai saransa shi ma sai ya ji ciwo. Idan ya zaci sihiri, ya nemo mai mayar da sihiri kan mai shi. Idan zaton ya kuskure, an kashe guzuri a banza.

Malamin lissafi zai gane girman abin da sauri. Mayaƙa shida ana iya jera su ta hanya 720. Idan kuwa daga cikin kati 20 za a zaɓo shidan a jera, hanyoyin sun kai 27.907.200. Iyakar guzuri tana zubar da da yawa daga ciki, amma abin da ya rage ya fi ƙarfin a gwada shi ɗaya bayan ɗaya cikin minti biyu ko uku. Yaron da ke cin wasan ba ƙidaya yake yi ba. Ya koyi ware abin da ba zai yiwu ba, ya riƙe manufa guda, ya auna abin da zai bayar da abin da zai samu. Wannan aiki ne na hankali, ko da an yi shi a kan hotunan dodanni.

Ba kuma sabon aiki ba ne. Masanin tarihin ƙasar Sin, Sima Ciyan, ya kawo labarin wani janar mai suna Tiyan Ji na daular Ci, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda yakan yi tseren dawaki da sarki. Kowane ɓangare yana da doki na ɗaya, na biyu da na uku, kuma bambancin da ke tsakanin dawakin ɓangarorin biyu bai taka kara ya karya ba. Mashawarcinsa Sun Bin ya ce ya haɗa dokinsa mafi rauni da gwarzon sarki, ya haɗa gwarzonsa da na biyun sarki, na biyunsa kuma da na ukun sarki. Ya faɗi a tseren farko da gangan, ya ci biyun da suka biyo. Ba a sauya doki ko ɗaya ba, jeri kawai aka sauya. A 1921 masanin lissafin nan na Faransa, Émile Borel, ya yi nazarin irin wannan matsala, ta yadda mutum biyu za su raba dukiya ƙayyadajja a kan fagage da yawa ba tare da ɗaya ya ga rabon ɗaya ba. Daga baya aka laƙaba mata sunan wasan Kanar Blotto, kuma har yau ana koyar da ita a jami'o'i.

A wata unguwa ta Maraɗi akwai wani ɗalibin lise da ya kamu da wannan wasa, kuma yana da kawu, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, wanda ba ya rasa zaman dara a gindin bedi bayan la'asar. Yaron yana da kati guda da yake ji da shi, wani maharbi mai tsada wanda ya daɗe yana tari kafin ya same shi. Saboda ƙaunar da yake masa, kusa da gaba yake sa shi kullum, don ya fara aiki da wuri a ganinsa, kuma kullum sai na gaban ya faɗi, maharbin ya matso, hannunsa ya mutu. Wata rana kawun ya ce a nuna masa abin da ke hana ɗan ƙanwarsa cin tuwo da zafi. Ya sa tabarau, ya kalli karawa uku bai ce uffan ba, yana tambayar ma'anar lambobi kawai.

«Wannan mai bakan, a gaba yana harbi?»

«A'a, Kawu, sai yana baya.»

«To, me ya kai shi nan? Kai ɗana, son da kake yi masa ne ke kashe shi. Mayar da shi na biyar, ka sa wancan mummunan mai kauri a wurinsa.»

Yaron ya yi haka ba da son ransa ba, ya ci karawar, ya ci ta bayanta. Tsohon bai yi mamaki ba. A dara ma, gurbi 30 ne, kowa yana da ƴaƴa 12, kuma kafin a fara tafi da su sai an gama dasa su ɗaya bayan ɗaya. Masu dara sun san cewa rabin wasan yana ƙarewa a wurin dasawa, wanda ya dasa da garaje zai yi ta jan ƙafa har a cinye shi. Abin da tsohon ya gani a salula ɗan'uwan abin da ya sani ne a ƙasa, ya kuwa girmama shi. Har ya riƙa tambaya da yamma ko mai bakan yana nan lafiya.

Bayan ƴan makonni yaron ya hau wani mataki inda dabararsa ta daina isa. Jerinsa daidai yake, amma katunan abokan karawarsa sun fi nasa girma: mayaƙi iri ɗaya, suna ɗaya, hoto ɗaya, sai dai nasu yana da ƙarin rai da ƙarin baiwa. Ya zo wurin kawun yana sosa ƙeya, ya ce jikka biyu kawai yake buƙata ya ƙarfafa rundunarsa, kuma wai idan ya hau sama wasan da kansa zai riƙa biyansa.

«A wasan naku, mai kuɗi yana iya shiga da ƴaƴa goma sha biyar, kai kana da goma sha biyu?»

«Kusan haka ne, Kawu.»

«To, wannan ba dara ba ce kuma. Kasuwa ce.»

Bai ba shi kuɗin ba, kuma bai hana shi wasan ba.

Tambayar tsohon ta taɓa ainihin yadda aka gina waɗannan wasanni. A Splinterlands katuna hawa huɗu ne wajen ƙaranci, daga na gama-gari zuwa na almara, kuma ana ɗaga darajar kati ne ta hanyar haɗa kwafinsa da yawa su narke su zama guda. Kwafin kuwa ko a ci su a hankali, ko a saye su, ko a yi hayarsu a kasuwar wasan. Tun a ƙofa ma, an san wasan da sayar da izinin cin lada a kan dalar Amurka 10, wato wajen jikka 6. Katunan an rubuta su a rumbun kuɗin intanet, ana iya sayar da su kamar haja, abin da ya sa mutane da yawa suka shigo da niyyar neman abinci. A 2021 wasan ya fito da kuɗinsa na intanet, farashin katuna ya yi sama. A 2022 kasuwar irin waɗannan kuɗaɗe ta rushe, nasa ma ya bi ta.

Wanda ya fi kowa nuna ƙarshen wannan hanya shi ne Axie Infinity, na kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam, inda ake jera halittu uku a yi faɗa da katuna. A 2021, lokacin da annobar korona ta tsayar da ayyuka, mutane da yawa a Filifin sun mayar da shi sana'a. Waɗanda ba su da kuɗin sayen halittun sukan karɓi aro daga masu hali, su yi wasa, a raba riba, tamkar noman kashi. Ladan kuwa yana da daraja ne muddin sababbin mutane suna shigowa da kuɗinsu. Da shigowar ta ragu, darajar ta zube, kuma a watan Maris na 2022 ɓarayin intanet suka kwashe abin da ya haura dala miliyan 600 daga rumbun wasan. Dara ta ci gida. Waɗanda suka ci bashi suka sayi runduna, su suka fi jin jiki.

Hukumomi ma sun lura. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin na'ura, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe, caca ne a idon dokar ƙasar. Ƙunshin kati rufaffe ɗan gidan wannan akwati ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shigar da kamuwa da wasannin na'ura cikin jerin cututtukanta, jerin da ya fara aiki a 2022, tare da bayanin cewa ana nufin wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ture karatu, aiki da zumunci na tsawon lokaci, ba duk mai wasa ba.

Abu biyu ne ke zaune cikin salula guda, kuma yaro ɗan shekara 16 ba lalle ya iya raba su da kansa ba. Akwai darasin jeri, wanda ke koya masa cewa guzuri yana da iyaka, cewa kowa yana da gurbin da ya dace da shi, cewa ƙaramin kati da aka ajiye daidai yana iya tserar da babba. Akwai kuma kiran kasuwa, wanda ke raɗa masa cewa duk wannan wahala ce, ya biya kawai ya wuce. Na biyun yana cin na farkon, domin ranar da yaro ya gano ana sayen nasara, ranar ce yake daina tambayar kansa inda ya yi kuskure a jeri. Malamin da ya ƙwace salula ya yi shiru ya kawar da duka biyun na awa ɗaya, yaron kuma zai koma musu da dare, shi kaɗai, ba mai taya shi rarrabewa.

Akwai abin da makaranta da ƙungiyoyin al'adu za su iya yi wanda bai buƙaci intanet ko dala ɗaya ba. Ana iya yanka kwali a yi katuna, a rubuta wa kowane farashi, rai da makami, a ba ƙungiyoyi biyu na ɗalibai katuna iri ɗaya daidai wa daida, a yanka musu guzuri, kowace ta jera a ɓoye, sannan a buɗe a bi ƙa'ida a allo. Wanda ya faɗi ya tashi ya bayyana dalilin faɗuwarsa da jimloli cikakku, da Hausa ko da Faransanci. Labarin dawakin Tiyan Ji ya isa darasin lissafi guda, tun da hanyoyin jera doki uku shida ne kacal, kuma ɗalibai za su iya gano da kansu cewa ɗaya ce tak daga ciki ke ba mai rauni nasara. Harshen ma yana da riba a nan. Samari suna kiran waɗannan abubuwa da guntayen kalmomin Ingilishi da Faransanci, alhali Hausa tana da dakaru da barade, tana da ƴan baka da ƴan lifidi, tana da garkuwa, sulke da kwari, kalmomin da suka kwanta a littattafan tarihin Damagaram, Gobir da Katsina suna jiran mai tashe su. Kuma a kowace unguwa akwai tsofaffin da suka shekara arba'in suna dasa ƴaƴan dara, waɗanda ba a taɓa gayyatarsu cikin aji ba. Idan aka zaunar da su da waɗannan yara a tabarma ɗaya, za su sami abin faɗa wa juna fiye da yadda ake zato.